Bad Brains da Harkar Kiɗan Hadko a Birnin Washington: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda duk ya fara sauraron kiɗan pank mai zafi, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ci karo da sunan ƙungiyar Bad Brains, daga nan kuma tambayoyi su yi ta biyo baya. Waɗannan su ne waɗanda suka fi yawan dawowa, tun daga na sabon shiga har zuwa na wanda ya riga ya yi nisa.

Mene ne hadko, kuma me ya raba shi da pank?

Pank reshe ne na kiɗan rok da ya yi tashe a New York da Landan wajejen 1976 da 1977. Kayan aikinsa kaɗan ne: jita, jitar bas, ganguna da murya. Waƙoƙinsa gajeru ne, babu ado, babu kewaye-kewaye. Hadko ɗansa ne da ya taso a Amurka daga ƙarshen shekarun 1970. Ya fi uban sauri, ya fi shi ƙara, ya fi shi fushi. Waƙa guda tana iya ƙarewa kafin minti ɗaya ya cika, mawaƙin kuma da ƙarfi yake furta baitinsa, kusan ihu.

Wani bambancin yana wajen masu yin sa. Manyan kamfanonin faifai sun ɗauki ƙungiyoyin pank na farko irin su Sex Pistols da The Clash, amma hadko babu kamfanin da ya kalle shi. Yaran sakandare ne suka riƙe shi da hannunsu, musamman a kudancin Kalifoniya da Washington da Boston da New York.

Su wane ne Bad Brains?

Samari ne huɗu baƙaƙen fata da suka taso a kudu maso gabashin Washington da unguwannin jihar Maryland da ke manne da birnin. Mawaƙinsu shi ne Paul Hudson, wanda duniya ta sani da H.R. An haife shi a Liverpool ta Ingila a 1956, mahaifinsa sojan saman Amurka ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Jamaika. Ƙanensa Earl Hudson ne mai ganguna. Gary Miller, da ake wa laƙabi da Dr. Know, shi ke riƙe da jita, Darryl Jenifer kuma jitar bas. An sha rabuwa an sha shiryawa, wasu sun shigo sun fita, amma idan aka ce Bad Brains waɗannan huɗun ake nufi.

An ce da jaz suka fara. Yaya aka yi suka koma pank?

Haka ne. Da farko sunansu Mind Power, kuma jaz suke yi irin wanda ake gauraya shi da rok, kiɗan da sai hannu ya faɗa sosai ake iya taɓa shi. Abokinsu Sid McCray ne ya riƙa kawo musu faifan pank suna saurare, shi ne ma ya fara yi musu waƙa na ɗan lokaci kafin H.R. ya karɓi makirfo. Sabon sunan daga wata waƙar ƙungiyar Ramones ta 1978 suka ciro shi.

Wannan asali na jaz shi ne sirrinsu. Yawancin 'yan pank na lokacin suna alfahari ne da cewa ba su iya kiɗa sosai ba, zuciya ce kawai. Su kuwa Bad Brains sun iya, sun kuma sha atisaye har sun gaji. Saboda haka da suka taka totur, kiɗan bai watse ba. Za su ruga a guje, su tsaya cak gaba ɗayansu a kan bugu guda, su sake tashi ba wanda ya riga wani. A ganina, har yau ba a yi ƙungiyar hadko da ta haɗa sauri da tsabtar hannu kamarsu ba.

Akwai kuma taken da suka riƙe, PMA, wato kyautata zato da ƙarfin zuciya. H.R. ya samo shi ne daga rubuce-rubucen Napoleon Hill, Ba'amurken nan mai littattafan zaburarwa. A daidai lokacin da pank na Ingila ke shelar cewa matasa ba su da makoma, su suna cewa ka tashi ka yi, za ka iya. Yaran da suka kafa kamfanin faifai na Dischord sun ɗauki wannan magana da gaske, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafe su.

Ba kiɗan fararen fata ba ne? Yaya aka yi baƙaƙe suka zama jagororinsa?

Wannan tambaya tana yawan zuwa, kuma tana da dalili, domin yawancin masu zuwa kallon hadko fararen fata ne. Sai dai a tuna cewa Washington ta wancan zamani birnin baƙaƙe ce: ƙidayar 1980 ta nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na mazaunanta baƙaƙen fata ne. Kiɗan da ke tashe a unguwanninsu shi ne go-go na su Chuck Brown da Trouble Funk, mai yawan ganguna, wanda ake kwana ana yi ba a tsayawa. Bad Brains sun taso a cikin wannan duniya, suka tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren birnin, inda 'ya'yan ma'aikatan gwamnati da na malaman jami'a ke neman abin da za su riƙe.

Ba su ne baƙaƙen farko a wannan fage ba. Akwai Death ta 'yan uwa uku a Detroit da Pure Hell a Philadelphia tun tsakiyar shekarun 1970. Shi kansa rok ɗin daga hannun baƙaƙe irin su Chuck Berry da Little Richard ya fito. Abin da Bad Brains suka yi shi ne shiga gidan kakanninsu ta ƙofar da mutane suka manta tasu ce. Duk da haka sun sha zagi da jifa a wasu wuraren saboda launin fatarsu, a wani lokacin ma daga bakin waɗanda suka biya kuɗi suka shigo kallonsu.

Me ake nufi da harkar bayan fage? A ina ake yin wasannin?

Ana nufin harkar da ba ta bi ta rediyo da talabijin da manyan kamfanoni ba. Ƙungiya ita za ta nemo wurin wasa, ta zana fosta da hannu, ta kai a buga mata kwafi, ta bi sandunan wutar lantarki tana mannawa. Labarin sababbin ƙungiyoyi yana yawo ne ta 'yan mujallun da yara ke bugawa da keken rubutu, da wasiƙu, da kaset ɗin da aboki ke naɗa wa aboki. Babu intanet, babu wayar hannu. Mai son kai ƙungiyarsa wani gari sai ya nemi lambar wani yaro a can, su yi wasa, su kwana a kan daɓen falon gidan iyayensa.

A Washington, ɗaya daga cikin gidajen farko da suka buɗe wa 'yan hadko ƙofa shi ne Madam's Organ, wani tsohon gida a unguwar Adams Morgan da masu zane da 'yan gwagwarmaya ke zaune a ciki. A nan Bad Brains suka riƙa wasa a 1979 da 1980, a falo, babu tazara tsakanin makaɗi da mai kallo. Sai d.c. space, sai 9:30 Club da aka buɗe a 1980 a lamba 930 kan titin F, sai Wilson Center, zauren da ke ƙarƙashin wani tsohon coci. Ɗaukar sauti kuwa a Inner Ear ake yi, sutudiyon da Don Zientara ya haɗa a ɗakin ƙasa na gidansa a Arlington, tsallaken kogin Potomac. Masu harkar sukan rubuta sunan kiɗan nasu harDCore, da manyan D da C na sunan birninsu, Washington D.C.

Me ya sa waɗanda suka ga wasansu ba sa gajiya da ba da labari?

Saboda H.R. Yakan fito a natse, ya gaishe da jama'a cikin taushin murya. Da Earl ya buga sandunansa sai mutumin ya zama wani daban: jiki na karkarwa, kalmomi na fita kamar ana zazzage su, murya na hawa daga gurnani zuwa siririn kuka a cikin baiti ɗaya. Yakan faɗa cikin jama'a su ɗauke shi a hannu, su mayar da shi dandamali, bai saki makirfo ba. Sannan ga alkafurar da ya shahara da ita: ya tashi sama ya juya da baya, ƙafafunsa su dira ƙasa daidai kan bugun ƙarshe na waƙar. Akwai bidiyon wasanninsu na Disamban 1982 a gidan CBGB na New York, duk mai shakka ya nema ya gani.

A Yunin 1979 sun yi share fage wa ƙungiyar The Damned ta Ingila a wani kulob mai suna Bayou da ke Georgetown. Cikin masu kallo akwai matasa biyu abokan juna, Ian MacKaye da Henry Garfield. Na farkon ya kafa ƙungiyoyin Minor Threat da Fugazi. Na biyun, wanda ke aiki a shagon askirim, ya zama Henry Rollins, mawaƙin ƙungiyar Black Flag daga 1981, kuma ya sha faɗa cewa H.R. ne ya fara ce masa shi ma mawaƙi ne.

Da gaske ne an hana su wasa a Washington?

Ba gwamnati ce ta kafa doka ba. Masu gidajen rawa ne suka riƙa rufe musu ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Masu kallonsu yara ne da ba sa sayen giya, ga tsalle-tsalle da ture-ture, ga fargabar a fasa kaya, mai kulob kuwa riba yake nema. Daga nan waƙarsu Banned in D.C., wato an hana mu a Washington, ta fito. Sun saki ƙaramin faifansu na farko a 1980, a 1981 kuma suka tare a New York.

A can suka ɗauki kundinsu na farko a wani ɗan sutudiyo da ake kira 171-A a kan Avenue A, kamfanin ROIR ya fitar da shi a 1982, a kaset kaɗai. Bangonsa ruwan ɗorawa ne, da zanen aradu tana faɗa wa ƙubbar ginin majalisar dokokin Amurka. Wannan zane ya zama tambarin hadko baki ɗaya. Zamansu a New York ya tayar da harkar can ma: Beastie Boys, kafin su koma rap, yaran hadko ne masu bin Bad Brains sau da ƙafa, John Joseph na ƙungiyar Cro-Mags kuma ɗaukar musu kaya ya fara yi.

Me ya kawo rege da aƙidar Rasta cikin kiɗansu?

Sun je kallon Bob Marley a ƙarshen shekarun 1970, abin ya shige su. Sannu a hankali suka rungumi aƙidar Rastafari ta Jamaika mai girmama Sarki Haile Selassie na Habasha, suka tara gashin dada, suka canja abincinsu da salon maganarsu. A wasa sukan jero waƙoƙi huɗu ko biyar masu tsananin gudu, sannan su sauka kan rege mai nauyi a hankali, jama'a su sami numfashi. Wasu masu kallo sun so hakan, wasu kuma sukan yi tsaki su fita shan iska.

Wannan ne kuma ya zama tushen saɓaninsu na cikin gida. H.R. da Earl sun fi karkata ga rege zalla, Dr. Know da Darryl suna son rok mai nauyi. Dubi amsar da ke bayani kan abin da ya hana su cin moriyar sunansu.

Mene ne Dischord, kuma mece ce alaƙarsa da Bad Brains?

Dischord kamfanin faifai ne da yaran da suka taso suna kallon Bad Brains suka kafa. Ian MacKaye da Jeff Nelson suna cikin wata ƙungiyar 'yan sakandaren Wilson mai suna Teen Idles. Da za ta watse a 1980, akwai dala 600 da suka tara daga wasanni. Maimakon su raba, sai suka ce a buga faifai da ita, tunda babu kamfanin da zai buga musu. Kwafi dubu suka yi.

Yadda suka yi bangon faifan ya isa misali. Sun ɗauki bangon wani faifai suka ɓare shi a hankali don su ga yadda aka naɗe shi, suka zana fasalinsa a takarda, suka kai aka buga. Daga nan aka zauna da almakashi da gam, ana yankawa, ana ninkewa, ana mannawa, ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ya dawo ba aljihu ya shiga ba, da shi aka buga faifan ƙungiya ta gaba, wato S.O.A. ta Henry Rollins, sannan Minor Threat, Government Issue, Youth Brigade, Void, Faith, Scream. A 1981 suka kama hayar wani gida a Arlington wanda ya zama ofis da wurin atisaye da wurin kwana. Ba sa rubuta kwantiragi da mawaƙa, magana ce da amana, kuma ƙungiyoyin yankin Washington suka sa a gaba.

Bad Brains ba su zama 'yan Dischord ba, sun riga sun yi gaba. Amma su suka ja Teen Idles a jiki suna ba su dama a wasanninsu, kuma MacKaye bai taɓa ɓoye cewa a wajensu ya ga abin da zai yiwu ba.

Mece ce ma'anar alamar X da ake zanawa a bayan hannu?

Doka ta hana sayar wa yara giya, don haka yawancin gidajen rawa ba sa barin su shiga sam. A 1980 Teen Idles suka je San Francisco, masu gidan Mabuhay Gardens suka bar su suka shiga, amma aka zana musu babban X da baƙar tawada a bayan hannu don mai sayar da giya ya gane su. Da suka dawo gida sai suka kai wa 9:30 Club wannan shawara: ku bar mu mu shiga, ku yi mana alama, in kun kama mu da kwalba ku kore mu. Aka amince. Daga nan wasan da babu iyakar shekaru ya zama ƙa'idar harkar Washington.

A 1981 Minor Threat suka fitar da waƙar Straight Edge, wadda ba ta kai minti ɗaya ba. A cikinta MacKaye ya ce shi ba ya shan ƙwaya ko wani kayan maye, yana son hankalinsa a jikinsa. Matasa a wasu biranen suka mayar da ita tafiya guda, har waɗanda suka kai shekarun sha suka riƙa zana X ɗin da kansu. Wasu sun wuce gona da iri suna dukan masu sha, abin da shi MacKaye ya sha nesanta kansa da shi. Bad Brains ba sa cikin wannan tafiya, wiwi na cikin al'adar Rasta da suka bi.

Tunda sun kai haka, me ya hana su cin moriyar sunansu?

Dama ta zo musu fiye da sau ɗaya. Ric Ocasek na ƙungiyar The Cars ya shirya musu kundi a 1983. A 1986 suka fitar da I Against I a kamfanin SST, inda suka rage gudu suka ƙara nauyi, kuma ƙungiyoyin rok da dama da suka yi kuɗi daga baya sun sha daga wannan rijiya. A lokacin ɗaukar kundin H.R. ya tafi gidan yari kan laifin wiwi, muryar waƙa ɗaya ta wayar tarho ya rera ta daga can. A 1995 kamfanin Maverick na Madonna ya ɗauke su, aka haɗa su rangadi da Beastie Boys, sai H.R. ya yi faɗan da ya kai ga duka har 'yan sanda suka shigo, tafiyar ta lalace. Kusan kowane karo haka ake yi: ana gab da tsallakewa sai ya fice ko rikici ya tashi, a nemo wani mawaƙin, a sake dawowa. Daga baya ya bayyana cewa ya daɗe yana fama da larurar ƙwaƙwalwa, ga kuma wani matsanancin ciwon kai da ya kai ga yi masa tiyata a 2017. Sanin haka ya sa da yawa suka sake duban waɗancan shekaru da tausayi.

Akwai kuma tabon da masoyansu ba sa jin daɗin tunawa. A 1982 sun sauka a Austin ta jihar Texas a hannun 'yan ƙungiyar Big Boys, waɗanda suka karɓe su hannu bibbiyu, aka rabu baram-baram bayan H.R. ya ci mutuncin mawaƙinsu saboda mai neman jinsinsa ne. Harkar da ta ginu a kan sauke baƙo da amana ba ta yafe wa wanda ya wulaƙanta mai masaukinsa da wuri ba, ƙofofi da yawa sun rufe musu. Shekaru bayan haka Darryl Jenifer ya amsa cewa ƙuruciya da zafin sabon shiga aƙida sun ɗebe su a wancan lokaci.

Me ya faru da harkar Washington bayan tafiyarsu?

Minor Threat ta watse a 1983. Wasanta na ƙarshe tare da Trouble Funk aka yi shi, daren da go-go da hadko suka hau dandamali ɗaya. Bayan nan harkar ta ɗan lalace. Masu son faɗa suka cika wuraren wasa, rawar ture-ture ta koma dambe, mata da ƙananan yara suka ja baya.

A 1985 tsofaffin hannu suka yi yunƙurin farfaɗo da ita, abin da Amy Pickering ta raɗa wa suna Revolution Summer. Ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Embrace suka fito da waƙoƙin da ke maganar abin da ke cikin zuciya, suka ƙi yarda da duka a wajen wasa. A shekarar ne matasan suka riƙa taruwa kusa da ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ganguna da bokitai da duk abin da zai yi ƙara, suna adawa da mulkin wariyar launin fata. A shekarar kuma aka kafa Positive Force, masu shirya wasanni don tara kuɗi wa marasa galihu. Sai Fugazi ta zo a 1987 ta riƙe ƙa'idar har zuwa 2002: tikiti dala biyar, kowa ya shiga ko shekarunsa nawa, wanda ya tayar da rigima a tsayar da kiɗa a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Manyan kamfanoni sun yi zawarcinsu, suka ƙi. Daga wannan harka ne kuma Dave Grohl ya fito, yana kaɗa wa Scream ganguna kafin ya koma Nirvana a 1990.

Akwai mata a cikin harkar?

Akwai, ko da yake maza sun fi yawa kuma ba koyaushe aka ba su wuri ba. Sharon Cheslow na cikin waɗanda suka kafa Chalk Circle a 1981, ƙungiyar mata zalla. Toni Young, baƙar fata, ta riƙe jitar bas a Red C. Cynthia Connolly ta ɗauki hotuna da yawa da ake tuna zamanin da su, ita ce kuma ta zana baƙar tunkiyar da ke bangon kundin Minor Threat na 1983. Amy Pickering da aka ambata a sama ta jagoranci Fire Party. A 1991 Bikini Kill da Bratmobile suka yi zaman bazara a Washington, daga nan tafiyar 'yan mata ta riot grrrl ta ƙara ƙarfi.

Suna nan har yanzu? Daga ina sabon mai saurare zai fara?

Kundinsu na 2007 Adam Yauch na Beastie Boys ne ya shirya shi, suka sake fitar da wani a 2012. Dr. Know ya yi mummunan ciwon zuciya a 2015 ya tsallake rijiya da baya. A 2016 aka sa sunansu cikin waɗanda za a zaɓa zuwa zauren girmama gwarazan rok na Amurka, amma ba su samu shiga ba a zagayen. Sid McCray ya rasu a 2020. Dischord na nan yana aiki, 9:30 Club ya koma titin V tun 1996, ɗakin karatun jama'a na Washington kuma ya buɗe taskar adana fosta da kaset da mujallun harkar a 2014.

Sabon mai saurare ya fara da kundin 1982 mai zanen aradu, ya saurare shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake regen ba. Daga nan ya koma Black Dots, wanda aka ɗauka a ɗakin ƙasa na Don Zientara a 1979 amma bai fito ba sai 1996, don ya ji su tun suna yaran Washington. Sannan I Against I. Mai son jin sauran 'yan birnin kuma ya nemi Flex Your Head, tarin da Dischord ya fitar a 1982 mai ɗauke da ƙungiyoyi 11.